Kumburin furostat: yaushe magani ke isa, yaushe tiyata ke zama dole?

A watan Janairun 2024 fadar Buckingham ta sanar cewa za a kwantar da Sarki Charles III na Birtaniya a asibiti domin yi masa aiki a kan kumburin furostat. Yana da shekara 75 a lokacin, kuma shi da kansa ya so a faɗi sunan ciwon a fili, ko maza masu irin alamunsa za su je a duba su. Kwana uku ya yi a asibiti aka sallame shi. Tun kafin nan, a watan Fabrairun 2011, an kwantar da François Hollande a asibitin Cochin da ke birnin Paris saboda wannan lalura, kuma a shekarar da ta biyo baya ya ci zaɓen shugabancin Faransa.

A unguwannin Hausawa irin su Briqueterie a Yaoundé, ko New Bell a Douala, ko Zongo a Kwatano, maganar ba ta fitowa fili haka. Dattijo zai yi shekaru yana tashi sau huɗu ko biyar cikin dare, yana daɗewa a ban-ɗaki, yana sake alwala saboda ɗigon da ke biyo baya, amma ko matarsa ba ta san abin da ke damunsa ba. Ya sha jiƙo, ya sha tsimi, ya sayi ƙwayoyi a hannun masu talla. Ranar da iyali za su sani ita ce ranar da fitsarin ya ɗaure gaba ɗaya, mara ta kumbura, a ɗauke shi zuwa asibiti cikin dare yana gumi.

Abu biyu ke kai mutane ga wannan hali: kunya, da tsoron cewa duk wanda aka yi wa aikin furostat ya yi sallama da mazakutarsa. Gaskiya ne akwai abin da aikin ke canzawa a jikin namiji, kuma ya kamata a san shi tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Amma ba duk mai kumburin furostat ne ke bukatar aiki ba. Wanda kuma yake bukata ya yi ta jinkiri, a kan mafitsararsa da ƙodarsa abin zai ƙare.

Mece ce furostat?

Furostat wata 'yar halitta ce da maza kaɗai ke da ita. Tana ƙarƙashin mafitsara, a gaban dubura, kuma ta zagaye bututun da fitsari ke bi ya fita, kamar yadda zobe ke zagaye yatsa. Aikinta shi ne samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. A jikin saurayi ba ta wuce girman ƙaramin goro ba, nauyinta kamar giram 20.

Daga shekara 40 zuwa sama sai cikinta ya fara ƙaruwa a hankali, a dalilin shekaru da kuma sinadarin jikin maza na testosteron. Kusan rabin mazan da suka kai shekara 60 suna da wannan ƙaruwa, a cikin masu shekara 80 kuwa mutum 8 zuwa 9 ne cikin 10. Ba yawan kusantar iyali ke kawo ta ba, ba kuma ƙarancinsa ba. Ba sammu ba ce, ba a kuma ɗaukarta daga wani.

A takardun asibitin Kamaru, Nijar, Chadi, Benin da Togo ana rubuta ta da HBP ko "adénome de la prostate". A Najeriya da Ghana kuwa BPH za a gani. Duk ciwo ɗaya ne. Wasu na kiransa kumburin mafitsara, sunan da ke rikita mutane, domin ba mafitsarar ce ta kumbura ba, ƙofarta ce ta matse.

Wannan kumburi ba ciwon daji ba ne, kuma ba ya rikiɗewa ya koma daji. Sai dai mutum ɗaya na iya samun duka biyun, kuma ba a bambance su da alamu kawai. Wani abin lura shi ne girman furostat ba shi ke nuna tsananin ciwo ba. Akwai mai babbar furostat da ke fitsarinsa lafiya, akwai mai ƙarama da ta toshe masa hanya ƙwarai.

Abin da toshewar ke yi wa jiki

Da farko mutum zai ga fitsari na jinkirin fitowa, ƙarfinsa ya ragu, yana yankewa yana dawowa, sai an yi nishi. Ya gama ya tashi, amma yana jin da saura. Daga nan sai yawan zagayawa dare da rana, da matsuwar da ba ta jira.

Mafitsara tsoka ce. Idan ƙofa ta matse, sai ta ƙara ƙarfi don ta tura fitsarin, bangonta ya yi kauri. Ta yi shekaru a haka, har ta gaji ta saki. A lokacin ne fitsari ke kwanciya a cikinta bayan kowane zagayawa. Fitsarin da ya kwanta yana tara ƙwayoyin cuta, yana kuma haifar da tsakuwa. Idan abin ya yi nisa, sai ya riƙa danno baya zuwa ƙoda, ƙodar ta kumbura ta fara lalacewa.

Mafi haɗari shi ne wannan matakin na ƙarshe yakan zo ba tare da zafi ba. Dattijon da ya fara fitsarin kwance, ko yake jin wandonsa na jiƙewa bai sani ba, yana iya zama mafitsararsa ce ta cika maƙil take ambaliya. Wannan alama ce ta zuwa asibiti a makon, ba ta jiran bayan girbi ko bayan Sallah ba.

Gwaje-gwajen da likita zai nema

Ba duk wahalar fitsari ce daga furostat ba. Bututun fitsari na iya tsukewa saboda tsohon ciwon sanyi ko rauni. Tsargiya, wadda ta yawaita a yankunan tafkin Chadi da kogin Kwara da wuraren noman rani, tana lalata mafitsara tana kawo fitsarin jini. Ciwon suga da wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari. Shi ya sa ake bincike kafin a yi maganar aiki.

Likita zai yi tambayoyi bakwai da aka tsara, waɗanda ake kira IPSS, ya haɗa maki daga 0 zuwa 35. Daga 0 zuwa 7 alamu masu sauƙi ne, 8 zuwa 19 matsakaita, 20 zuwa 35 masu tsanani. Sannan zai sa safar hannu ya taɓa furostat da yatsa ta dubura, wato "toucher rectal". Gwajin da maza suka fi gudu ke nan, alhali bai kai minti ɗaya ba, kuma da shi likita ke jin ko furostat ɗin tana da santsi da laushi, ko tana da tauri da ƙulli irin na daji.

Za a yi hoton ciki na ekografi domin a auna girman furostat, a ga yawan fitsarin da ke saura bayan mutum ya zagaya, a duba ƙoda da tsakuwa. Za a gwada fitsari don neman ƙwayoyin cuta, gwajin da ake rubutawa ECBU, a gwada jini don ganin aikin ƙoda. Akwai kuma gwajin jini na PSA. Hawan PSA ba ya nufin lallai daji ne, domin kumburin da kansa, da ƙwayoyin cuta, da sa robar fitsari duk suna ɗaga shi. Manuniya ce da ke sa likita ya zurfafa bincike.

Kafin a kai ga wuƙa

Mai alamu masu sauƙi sau da yawa ba ya bukatar komai sai sauya ɗabi'a da sa ido: rage shan ruwa da shayi da kofi daga magariba, zagayawa kafin kwanciya, da maganin taurin bayan gida. Ya kuma guji abubuwan da ke ɗaure fitsari farat ɗaya. Daga ciki akwai wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi, da tramadol, da giya, da riƙe fitsari na tsawon sa'o'i, kamar yadda ke faruwa ga direbobi da fatake a doguwar tafiya.

Magungunan asibiti iri biyu ne manya. Na farko, irin su tamsulosin da alfuzosin, suna sassauta tsokar da ke ƙofar mafitsara. Suna aiki cikin 'yan kwanaki, amma ba sa rage girman furostat, kuma suna iya sa jiri idan mutum ya miƙe da sauri. Mai shan tamsulosin da za a yi wa aikin yanar ido ya gaya wa likitan ido tun da wuri, domin maganin na shafar yadda aikin idon zai gudana. Na biyu, finasteride da dutasteride, suna rage girman furostat da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, amma sai an yi wata shida ana sha kafin a ga amfaninsu sosai. Suna kuma rage PSA da kusan rabi, don haka duk likitan da zai karanta gwajin ya san mutum na shan su.

Akwai maganin da ake sayarwa a kantunan magani da sunan Tadenan, wanda ake yi da ɓawon itacen Prunus africana da ke tsiro a tsaunukan Kamaru. Yana iya sassauta ƙananan alamu ga wasu. Amma shi da duk wani sassaƙe ba sa buɗe fitsarin da ya ɗaure, ba sa kuma ceto ƙodar da ta fara kumbura.

Lokacin da tiyata ta zama dole

Likitocin mafitsara sun yi ittifaki a kan yanayin da ke sa a bar magani a koma ga aiki:

- Fitsari ya ɗaure, an sa roba, an ba da magani, an cire robar ya sake ɗaurewa.
- Ƙwayoyin cuta na ta dawowa a fitsari, da zazzaɓi ko kumburin maraina.
- An samu tsakuwa a mafitsara.
- Fitsarin jini na maimaituwa kuma an tabbatar daga furostat yake.
- Ƙoda ta fara kumbura ko aikinta ya ragu saboda toshewar.
- An sha magani yadda ya kamata, amma alamun sun hana mutum barci, sana'a da ibada cikin natsuwa.

Ranar da fitsari ya ɗaure ba ranar tiyata ba ce. Abin da ake yi shi ne a sa robar fitsari, wadda ma'aikatan asibiti ke kira "sonde", a zubar da abin da ya taru. Idan ba ta shiga ta gaba ba, sai a huda ƙasan mara a sa ta kai tsaye cikin mafitsara. Idan ƙoda ta taɓu, akan bar robar na wasu makonni har ƙodar ta farfaɗo kafin a yi aiki.

A nan ne mutane da yawa ke maƙalewa. Zafi ya tafi, kuɗin aiki babu, sai a zauna da roba wata da watanni, wani lokaci har shekaru. Roba ba magani ba ce. Tana bukatar canji a kan lokacin da asibiti ya ƙayyade, galibi duk wata ga robar yau da kullum, kuma daɗewa da ita na kawo ƙwayoyin cuta, tsakuwa da rauni a bututu. Ga kuma abin da ya fi wannan: idan aka bari tsokar mafitsara ta mutu sarai saboda shekarun toshewa, ko an buɗe hanya daga baya, tana iya kasa tura fitsari. Tiyata na cire abin da ya tare ƙofa ne, ba ta sabunta mafitsara.

Aikin da ake yi ta bututun fitsari

Wannan shi ne aikin da aka fi sani a duniya tun farkon shekarun 1930. A takardun Faransanci RTUP ne, a na Ingilishi TURP. Ba a yanka fata. Akan yi wa mutum allura a gadon baya da ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, yana farke amma ba ya jin zafi. Likita zai zura wani siririn ƙarfe mai fitila da kyamara ta bututun fitsari har ya isa furostat. A bakin ƙarfen akwai 'yar waya mai lantarki, da ita yake fafe cikin furostat kaɗan-kaɗan kamar yadda ake fafe ƙwarya, ya bar ɓawon, yana ƙona jijiyoyin da ke zubar da jini.

Aikin yakan ɗauki kimanin sa'a guda. Ya fi dacewa da furostat mai girman giram 30 zuwa 80. Dalilin wannan iyaka shi ne ana aikin ne cikin wani ruwa da ke wanke wurin, kuma da tsohuwar na'ura, idan aka daɗe, ruwan na shiga jini ya rage gishirin jiki har mutum ya rikice. Sabuwar na'urar da ake kira "bipolaire" tana aiki da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, don haka ta kawar da wannan haɗarin.

Bayan aiki ana barin roba mai baki uku ana wanke mafitsara da ruwa don kada jini ya daskare. Fitsarin zai fito ja kamar zoɓo, ya riƙa washewa. Yawanci akan cire robar bayan kwana biyu ko uku a sallami mutum. Idan furostat ɗin ƙarama ce, ƙasa da giram 30, likita na iya tsaga ƙofar kawai ba tare da ya fafe komai ba.

Aikin yanka ƙasan cibiya

Idan furostat ta wuce giram 80, ko akwai manyan tsakuwoyi a mafitsara, ko asibitin ba shi da kayan aikin bututu, sai a yi aikin buɗewa, wanda Faransawa ke kira "adénomectomie par voie haute". Likita zai yanka ƙasan cibiya, ya bi ta cikin mafitsara ko ta gaban furostat, ya sa yatsa ya ɓanɓaro tsokar da ta ƙaru gaba ɗayanta, ya bar ɓawon. Hanyar bi ta mafitsara likita Peter Freyer ne ya yaɗa ta a birnin Landan daga shekarar 1900, ɗayar kuma Terence Millin ya ɓullo da ita a 1945.

A asibitocin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da yawa wannan aikin ne aka fi yi, saboda ƙarancin kayan aiki da kuma yadda marasa lafiya ke zuwa a makare da furostat da ta girma ƙwarai. Tsufansa bai sa ya zama na baya ba. Yana buɗe hanya sosai, kuma da wuya a sake bukatar wani aiki bayansa. Nauyinsa shi ne zubar jini ya fi yawa, roba da kwanciyar asibiti sukan kai mako guda ko fiye, ga kuma ɗinkin da zai warke. Shi ya sa asibitoci ke neman iyali su tanadi masu ba da jini tun kafin ranar.

Leza da sababbin hanyoyi

A ƙarshen shekarun 1990 likitoci a ƙasar New Zealand suka ɓullo da hanyar HoLEP. Ta bututu ake bi, amma da hasken leza ake ɓanɓaro tsokar gaba ɗaya, kamar yadda yatsa ke yi a aikin buɗewa, sannan a niƙa ta a cikin mafitsara a zuƙo. Tana aiki ga furostat kowace irin girma, jini kaɗan ne, kwanciya kwana ɗaya ko biyu. Akwai wata lezar, GreenLight, da ke ƙona tsokar ta zama tururi. Tana da amfani ga masu shan maganin tsinka jini, sai dai ba ta barin tsokar da za a kai gwaji.

Akwai kuma hanyoyi masu sauƙi: UroLift, da ke ɗaure gefen furostat da 'yan maƙalai don hanya ta buɗe; Rezum, da ke amfani da tururin ruwa; da toshe jijiyoyin da ke kai wa furostat jini. Sun fi kare fitowar maniyyi, amma ba su dace da kowa ba, kuma yiwuwar sake aiki bayan wasu shekaru ta fi yawa. Duk waɗannan suna da tsada, kuma wuraren da ake yin su a yankin kaɗan ne. Abin da ya fi muhimmanci ba sabuntar na'ura ba ne, ƙwarewar likitan ce a kan aikin da ya saba yi.

Tambayar da ake kunyar yi

Tsoron rasa mazakuta yana da asali. Aikin ciwon dajin furostat, inda ake cire ta ɗungurungum da ɓawonta, shi ne ke yawan taɓa jijiyoyin ƙarfin namiji da na riƙe fitsari, domin a gefen ɓawon suke. Aikin kumburi ba ya cire ɓawon. Mafi yawan waɗanda ke da ƙarfinsu kafin aiki suna ci gaba da shi bayan sun warke. Kaɗan ne ke samun rauni, kuma galibi akwai hannun shekaru, ciwon suga ko hawan jini a ciki.

Abin da ke canzawa shi ne hanyar maniyyi. A da, ƙofar mafitsara na rufewa a lokacin saduwa don maniyyi ya fito waje. Bayan an faɗaɗa ƙofar, sai ya koma cikin mafitsara ya fito tare da fitsari daga baya. Wannan na faruwa ga kusan mutum 7 cikin 10 bayan RTUP, kuma ya fi haka bayan aikin buɗewa. Ba ya cutar da jiki, mutum na biyan bukatarsa, amma samun haihuwa ya zama da wuya, ko da yake ba a ɗauke shi a matsayin tsarin iyali ba. Magidancin da ke da amarya ko yake fatan ƙarin 'ya'ya ya faɗi haka ga likita a fili kafin a sa rana, domin yana iya sauya irin aikin da za a zaɓa ko lokacinsa.

Game da yoyon fitsari, a makonnin farko da yawa na samun matsuwa da ɗan ɗigo, kuma yana wucewa. Wanda ke zama na dindindin kusan mutum 1 ko 2 ne cikin 100. Wasu kaɗan kuma bututunsu ko ƙofar mafitsara na tsukewa daga baya saboda tabo, a sake buɗewa.

Kafin aiki da bayansa

Kafin ranar aiki, a kawo duk magungunan da ake sha a nuna wa likita, har da na gargajiya. Masu shan asfirin, clopidogrel ko wani maganin tsinka jini kada su ɓoye, kada kuma su daina da kansu. A daidaita suga da hawan jini, a kashe ƙwayoyin cutar fitsari tukuna.

Bayan an koma gida, mako huɗu zuwa shida ne na kiyayewa. A sha ruwa kamar lita biyu a rana, in dai likita bai hana ba saboda zuciya ko ƙoda. A guji ɗaga kaya mai nauyi, hawan babur ko keke ko doki, nishi a bayan gida da kusantar iyali. Wanda aikinsa ya zo kusa da azumi ya tambayi likita kafin ya ɗauka. A tsakanin kwana 10 zuwa 14 jini na iya sake fitowa kaɗan lokacin da ɓawon ciwon ke faɗuwa. Amma gudajin jini masu yawa, ɗaurewar fitsari, zazzaɓi da rawar sanyi, waɗannan na komawa asibiti ne nan take.

Tsokar da aka cire ana kai ta ɗakin gwaji, abin da ake kira "anapath". A wasu lokuta a nan ake gano dajin da ba a yi tsammani ba. Iyalai da yawa ba sa komawa karɓar wannan sakamako, ko su ƙi biyan kuɗinsa tun da mara lafiya ya samu sauƙi. Kuskure ne. Haka kuma tun da ɓawon furostat na nan, daji na iya fitowa a cikinsa daga baya, don haka bibiyar likita ba ta ƙare ranar sallama ba.

Ga masu ƙetare iyaka neman magani

Manyan asibitoci irin su Hôpital Central na Yaoundé, Laquintinie na Douala, CNHU na Kwatano, asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram, da asibitocin koyarwa na Kano da Sakkwato suna da sashen likitocin mafitsara. Bahaushen Kamaru, Chadi ko Benin yakan zaɓi inda yake da dangi ko inda zai ji yaren likita, masu hali kuma su nufi Tunisiya, Maroko, Masar ko Indiya. Duk inda aka nufa, akwai abubuwan da ke rage wahala.

Na farko tafinta. Dattijon da ba ya jin Faransanci ko Ingilishi yakan shiga wurin likita da ɗansa ko 'yarsa, kuma ba zai iya tambayar maganar maniyyi da iyali a gabansu ba. Sai a fito ba a yi tambayar da ta fi damunsa ba, ko ya ƙi aikin bai faɗi dalili ba. Gara a nemo aboki sa'arsa, ko ma'aikacin jinya namiji mai jin Hausa, 'ya'yan su jira a waje na 'yan mintoci.

Na biyu kuɗi. A nemi "devis" a rubuce, a tambaya ko ya haɗa da gwaje-gwaje, jini, magunguna, kwanciya da gwajin tsoka.

Na uku takardu. A tafi da duk sakamakon da aka yi a gida, a dawo da rahoton aikin, wato "compte rendu opératoire", da sakamakon gwajin tsoka. Likitan da zai ci gaba da duba mutum a ɗaya ɓangaren iyaka ba shi da wata hanyar sanin abin da aka yi sai su.

Na huɗu lokaci. Kada a kama hanyar gida washegarin sallama. Zama kusa da asibitin na mako biyu zuwa uku ya fi, domin jinin da ke dawowa a mako na biyu bai kamata ya riski mutum a cikin mota tsakanin Ngaoundéré da Garoua ba. Idan kuma ayarin likitoci ne suka zo aikin kyauta na 'yan kwanaki, a tambaya tun farko wa zai duba mara lafiya bayan sun tafi.

Kafin a sa hannu a takardar amincewa, mara lafiya na da haƙƙin sanin girman furostat ɗinsa, halin da ƙodarsa ke ciki, sunan aikin da za a yi masa da dalilin zaɓensa, da abin da zai faru idan ya jira. Namijin da ya haura shekara 50 kuma ya ga fitsarinsa ya canza, ziyarar likita tun yanzu na iya sa ya tsaya a kan ƙwayar magani ɗaya a rana na tsawon shekaru. Idan kuma aikin ne, gara a yi shi a ranar da aka zaɓa, da jini a tanade da ƙoda lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.